Ranar tirak a kulob ɗinmu na Abuja: hawan ya yi daɗi, amma katin mamba ya ci min dubu 40

Jama'a tun ranar Asabar ɗin nan 16 ga Nuwamba 2024 nake son in zauna in rubuta wannan abu, sai na ce bari dai zuciyata ta huce tukuna kar in faɗi abin da zan zo ina da-na-sani. To yanzu ta huce, zan faɗa muku komai tsakani da Allah, mai daɗin da marar daɗin. Sunan kulob ɗin kam ba zan kama ba, ba wai tsoro ba ne, mutanen da ke ciki 'yan'uwana ne, mun ci abinci a kwano ɗaya, ranar sunan 'yata mashin goma sha ɗaya suka jera a ƙofar gidana a Kubwa, kuma gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Wanda yake cikin harkar fawa-baik, wato manyan mashinan gudu, a Abuja ya riga ya gane su, wanda kuma ba ya ciki abin da zan faɗa zai yi masa amfani a kowane kulob ya shiga.

Bari in fara da mene ne ma ranar tirak ɗin, don akwai masu tambayata a DM wai tsere ne? Ba tsere ba ne. Ba kofi, ba na ɗaya ba na biyu, ba mai riƙe maka agogo sai in kai ka ga dama. Kulob ne ke kama hayar wani fili mai kwalta a bayan gari, a rufe shi ruf, ba mota ba ɗan acaɓa ba akuya ba mai tallan lemo, a jera robobin nan masu tsini irin na 'yan Rod Sefti da tsofaffin tayoyi a fitar da kwana-kwana, a ajiye masu tuta a kowace kwana, ga ambulans a gefe, sai a ce to bismillah kowa ya shiga ya koyi mashin ɗinsa. A waje abin ya daɗe da zama ruwan dare, a Afirka ta Kudu suna da Kyalami kusa da Johannesburg mai tsawon kusan kilomita 4.5, suna da Zwartkops a wajen Pretoria, a Dubai akwai Autodrome, a Abu Dhabi akwai Yas Marina, mutum ya biya kuɗinsa ya shiga da nasa mashin ya yini. Mu nan ƙasar wanda aka gina don wannan aiki da muke ji da shi shi ne na Evbuobanosa a jihar Edo, to daga Abuja zuwa can yini guda ne cur a hanya ta Lokoja da Okene, ba kowa zai iya ba kowane wata. Shi ya sa wannan ɗan filin namu, duk da bai kai ya kawo ba in aka haɗa shi da na waje, muke riƙe da shi hannu bibbiyu.

Ni mashin ɗina Kawasaki Ninja 400 ne ɗan Kwatano, cc 399, silinda biyu, ba wani dodo ba ne a cikin manya irin su R1 da S1000RR, amma ya ishe ni. A Jos na koyi mashin, a kan Jincheng ɗin babanmu, tsakanin Bauchi Road da Farin Gada, kuma shekara da shekaru ina ganin na iya. Sai da na shiga tirak na gane ashe tuƙi kawai nake yi, hawa daban ne.

To ga yadda aka yi. Na yanki katin mamba ranar 5 ga Nuwamba 2023 a kan naira dubu 120, wata goma sha biyu daga ranar da ka biya. Amfanin katin shi ne farashin ranar tirak kashi biyu ne, na mamba da na baƙo. Bara mamba dubu 30 baƙo dubu 70, bana sun ɗaga mamba dubu 45 baƙo dubu 85, tazarar dai dubu 40 ce ba ta motsa ba. Ranar 28 ga Oktoba aka sa sanarwa a gurup ɗin WhatsApp cewa an buɗe bukin, wato kama guri, na 16 ga Nuwamba, guri talatin ne kacal, ban ko tsaya gama shayi ba na tura dubu 45, alat ya shiga, aka turo min rasit an rubuta farashin mamba ɓaro-ɓaro da sunana da lambata. A ranar katina da ransa, saura masa mako guda. Ni dai a kaina magana ta ƙare, na biya a matsayin mamba, an karɓa a matsayin mamba.

Ranar Asabar ana idar da sallar asuba muka ɗora mashin a bayan Hilux ɗin wani abokina, ni da ƙanina da ke raka ni yana riƙe min kaya, ga sanyin hunturu ya fara shigowa, hazo ya rufe duwatsu. Mun isa wajen bakwai saura. Akwai tebur a ƙarƙashin kanofi inda ake rajista a ɗaura maka wani ɗan zare a hannu mai kalar rukuninka, wata 'yar'uwa ce ke zaune da laftof, mace mai mutunci wallahi, kullum da fara'arta. Ta duba ta sake dubawa, sai na ga ta ɗan yi jim.

Ta ce, Yaya katinka fa ya mutu tun ranar 4 ga wata.

Na ce to ai ƙanwata na biya tun yana da rai, ga rasit, na miƙa mata waya.

Ta ce ta gani, kuma ba ta musa ba, amma doka ita ce sai katin yana aiki a ranar da za a hau, ba ranar da aka biya ba. Ta juyo min da laftof ɗin ta nuna min, yana nan kuwa a shafi na uku na takardar da na sa wa hannu bara, layi ɗaya ne siriri a tsakanin maganar hular kwano da maganar ajiye mota. Zaɓi biyu ne a gabana, ko in cika dubu 40 in shiga a matsayin baƙo, ko in sabunta kati nan take. Na ce to sabuntawar nawa ne, don na ji ana cewa tsohon mamba dubu 150 ne bana. Ta ce eh haka ne, amma ga wanda ya sabunta kafin katinsa ya mutu ko cikin kwana bakwai na alfarma, ni kuma nawa kwana bakwan sun ƙare ranar 11, don haka yanzu kwamfuta sabon shiga take ganina, dubu 180 da dubu 20 na rajista, dubu 200 ke nan cif.

Kwana biyar. Kwana biyar kacal na makara, kuma ban ma san na makara ba.

Wallahi sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji, ba kuɗin kaɗai ba, a'a yadda ga layi a bayana, ga yara ƙanana da na girma da shekara goma suna kallo, ga ƙanina ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar jaka, kamar wanda aka kama zai shiga biki ba gayyata. Ƙanin nawa ya matso ya ce min a hankali, Yaya mu koma gida kawai. Na ce a'a, mun riga mun sayi mai, na sa sabuwar taya ta baya a Apo ranar Alhamis, na ɗauki hutun shago, ina za mu koma. Na ciro kati ta sa a POS, netwok ma sai da ya yi mana gardama sau biyu, dubu 40 suka fita, ta ɗaura min zare kore tana ta ba ni haƙuri. Ita ba ta da laifi ko kaɗan, aikin da aka sa ta take yi, kuma na ga abin ya dame ta. Ba ni kaɗai ba ne ma, mu huɗu ne ranar, ɗaya daga ciki ya juya ya loda mashin ɗinsa ya tafi, gurinsa ya tashi a banza, dubu 45 ɗinsa kuma aka ce sai dai a ajiye masa zuwa wani lokaci.

Yanzu bari in ajiye wannan in faɗi abin da na samu da kuɗina, don in na ɓoye shi na ci amana.

Kafin ka shiga fili sai an duba mashin ɗinka, kuma dubawa ta gaske ba ta ganin ido ba. Wani dattijon makanike ne da kowa ke ce wa Baba, yana da gejin auna iskar taya rataye a wuya, zai tsuguna ya matsa birkin gaba ya ga ko yana laushi, ya leƙa fad ɗin birki, ya taɓa sarƙa da yatsa ya ji ko ta saki, ya duba ko akwai inda mai ke ɗiga, ya girgiza kan mashin. Madubi ko ka cire ko a manne shi da salatif, fitilu ma haka, don in an faɗi kar gilas ya watsu a kwalta, kuma a fili ba a son ka riƙa kallon baya, na bayanka shi ke da alhakin kauce maka. Ya sa geji a tayata ya ce, yaro wane mai facin ne ya ɗura maka wannan iska haka kamar za ka ɗauki buhun masara, ya rage min zuwa wajen 30 gaba da baya, ya ce taya in ta yi zafi iskar ciki hawa take yi, in ka cika ta tun da sanyi sai ta ƙi kama ƙasa a kwana. A gabana ya mayar da wani mai GSX-R saboda tayarsa ta gaba ta tsattsage a gefe, mutumin ya yi magiya har da kiran ciyaman ɗin kulob a waya, Baba ya ce ko gwamna zai kira ba zai shiga da wannan taya ba. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Kaya ma ba wasa. Hular kwano mai rufe fuska gaba ɗaya har haɓa, ba irin ta leburori da aka riƙa kifawa a ka ba lokacin da Rod Sefti suka fara tilasta dokar hular kwano a Janairun 2009, sai rigar fata da wandonta ko haɗaɗɗiya ko mai zif a tsakani, safar hannu mai rufe wuyan hannu, takalmi mai rufe idon sawu, da abin kare gadon baya. Wanda ba shi da kayan fata akwai na haya, sai dai gaskiya suna buƙatar wanki, na ga wani ya sa yana ta toshe hanci, wannan su gyara.

An raba mu rukuni uku, kore sababbi, ɗorawa matsakaita, ja ƙwararru, kowane rukuni minti 15 a fili sai ya fito wani ya shiga, a yini ka samu shiga shida ko bakwai. Wanda bai taɓa yi ba zai ce minti 15 me za ta yi, to ka zo ka gwada, a minti na goma cinyoyinka rawa suke yi, zufa ta jiƙa ka har cikin takalmi. Kafin a fara ana tara kowa a yi bayanin tutoci, ɗorawa ka rage gudu kar ka wuce kowa, ja an tsayar da komai ka fita a hankali, baƙa kai kaɗai ake nufi ka fito ana son magana da kai, mai zanen dara kuma lokaci ya cika. Ba mai shiga sai ya halarci wannan bayani ko da ya shekara goma yana zuwa.

Abin da ya fi min komai ranar shi ne malamin da aka haɗa mu da shi, wani bawan Allah mai sanyin magana da ke hawa tsohuwar R6. Akwai wata kwana ta hagu a can ƙarshen fili da ke murɗewa kamar ƙugiya, tun bara take ba ni wahala, kullum sai in shiga da wuri in fito ina neman cin tayoyin gefe. Ya bi ni a baya zagaye uku, da muka fito ya cire hula ya ce, ɗan'uwa mashin ɗinka ba shi da matsala, idonka ne, kana kallon tayoyin nan ne saboda kana tsoronsu, mashin kuma inda ido ya je nan yake zuwa, juya haɓarka ka kalli mafita tun kafin ka shiga. Ya ce kuma in daina danne kan mashin da ƙarfi kamar mai riƙe ƙahon sa, in matse tanki da gwiwa in saki kafaɗa, in gama birki tun mashin yana tsaye sannan in kwanta. Shiga ta gaba ya wuce gabana yana buga bayan sit ɗinsa da hannu alamar in bi layinsa, na bi, na jinkirta shiga kwanar kamar yadda ya yi har sai da raina ya ce ka wuce, sannan na juya kai, wallahi sai na ji mashin ya kwanta da kansa ya zagaye lumui kamar an ja shi da zare, na fito a tsakiyar kwalta da sauran fili a gefena. Ihu na yi a cikin hula. Da na fito ƙanina ya tsuguna ya nuna min gefen tayar baya, wannan ɗan sabon layin mai sheƙi da bai taɓa taɓa ƙasa ba ya ragu sosai, robar ta yi ɗan kaushi tana da ɗumi, har ya ɗauka a hoto.

Wajen ƙarfe sha ɗaya wani yaro a rukunin ɗorawa ya zame a wannan kwanar dai, ƙurar hunturu ta kwanta a gefen layi shi kuma ya fita daga inda aka share. Kafin mashin ɗin ya gama jan ƙasa tuta ja ta tashi ko'ina, ambulans ta isa kansa ina jin ba a yi minti ɗaya ba, ya miƙe da ƙafarsa, kayan fatar sun goge a kafaɗa da ƙugu amma jikinsa ko ƙwarzane babu, yatsa ɗaya ne ya kumbura. Na tsaya ina tunanin da a hanyar Airport ce ko titin Kubwa da yamma, ga tifa a baya ga ƙarfen tsakiyar titi, da wani labarin ake yi. Mun binne mutane a wannan harka, wanda ya sani ya sani. Saboda haka ni ban taɓa ganin kuɗin tirak a matsayin asara ba, ko dubu 85 ɗin ma.

Abinci kuwa sai a hankali, shinkafa ce da kaza ta iso a sanyaye bayan azahar, ruwan sanyi ya ƙare tun sha biyu. An ware wurin sallah da tabarmi da butoci, wannan sun kyauta. Banɗaki guda biyu ne na mutum kusan sittin.

To mu koma kan katin, don shi ne ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu.

Da aka tashi na samu ciyaman yana naɗe igiya, babban mutum ne ya girme ni nesa, na gaishe shi na ce Alhaji ina da ƙorafi. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, sannan ya ce in zauna. Ya ce shekarar da suka fara, ranar biya suke dubawa, sai wasu suka gano dabara, mutum ya bari sai saura kwana biyu katinsa ya mutu sai ya kama gurin duk ranakun da aka sanar a gaba da farashin mamba, ya ci shekara ɗaya da rabi da kuɗin shekara ɗaya, su kuma kuɗin kati da shi suke biyan kafin alƙalami na hayar fili da ambulans tun kafin mutum ɗaya ya yi bukin. Ya ce ko mutum goma ne suka zo ko talatin, kuɗin fili ɗaya ne, na likita ɗaya ne, masu tuta sai an sallame su, janareto sai ya sha. Kuma ba sai ya gaya min yadda kaya suka tashi ba, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 litar da muke saya ƙasa da naira 200 a ƙarshen 2024 ta haura 1,000, dala da take wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500, komai na mashin kuma daga waje yake zuwa, taya, fad, man birki, har salatif ɗin.

Na ce Alhaji wallahi na yarda da kai ɗari bisa ɗari, dokar ba zalunci ba ce, da ni ne a kujerarka ita zan kafa. Inda nake da ja shi ne, ranar da na tura kuɗi kun san ranar da katina zai mutu, kun san ranar da za a hau, duka biyun suna cikin laftof ɗaya, me ya hana a ce min malam dakata, katinka ba zai kai ba, sabunta yanzu a dubu 150? Da na yi a take. Maimakon haka aka karɓi kuɗina aka rubuta min farashin mamba aka yi shiru kwana goma sha tara, har kwanakin alfarmar suka wuce, sai a bakin ƙofa da sassafe, ai ba a fafe gora ranar tafiya. In mutum bai biya kuɗin rigar kulob ba sau uku ake kiran sunansa a gurup, amma saƙo ɗaya na cewa katinka saura mako guda ya gagara? Na san akwai nawa sakacin, ni na sa hannu a takarda ban riƙe kwanan wata ba, ban musa ba, amma wanda ya rubuta doka shi ya fi kusa da tuna ta.

Sai na ƙara masa da ta biyu, wadda ta fi cin raina in na zauna na yi lissafi. Ranaku shida aka sa a jadawalin shekarar katina, Nuwamba, Disamba, Janairu, Fabrairu, sai Yuni da Satumba. Na Disamba ni na rasa, na tafi Jos bikin ƙanwata, wannan ba ruwansu. Amma na Yuni da na Satumba su suka soke saboda ruwan sama, kuma kowa ya san daminar Abuja daga Afrilu har Oktoba take, ba abin mamaki ba ne. An mayar mana da kuɗin bukin, to amma kati fa? Shi yana ta tafiya, agogonsa bai tsaya ba. Ke nan sau uku na hau, sau uku dubu arba'in-arba'in dubu 120, daidai abin da na biya na kati, ban ci ba ban faɗi ba. Wannan ta 16 ga Nuwamba ita ce ranar farko da zan ce kati ya amfane ni, ita ce kuma aka ce ya mutu. Na ce Alhaji in kulob ne ya soke rana, adalci shi ne a ƙara wa kati kwanaki har ya riski rana ta gaba, ko a ba mutum rana ɗaya a farashin mamba ya riƙe a hannu.

Ya yi shiru ya ce zai kai wa kwamiti. Ranar Laraba sakatare ya kira ni, sun yafe min dubu 20 na rajista, mu huɗun duka, amma dubu 150 ta wuce sai 180, dubu 40 ɗin da na cika kuma ba za ta dawo ba don an riga an rufe lissafin ranar. Maganar ƙara kwanaki saboda ruwa sun ce sai babban taro na Janairu. Saƙon tunatarwa kuwa sun ce za su fara, kuma a gaskiya shekaranjiya na ga sun sa jerin waɗanda katinsu zai ƙare a Disamba a gurup, to ko ba komai wannan ta samu. Ban ji daɗin dubu 40 ɗin ba har yanzu, ba zan yi ƙarya ba, kuɗin fad ɗin gaba da na baya ne da canjin baƙin mai.

Masu tambaya ko katin ya cancanci a yanka, ni dai ga yadda na buga nawa lissafin, kowa ya buga nasa. A dubu 180 da tazarar dubu 40, sai ka hau sau biyar kafin ka ce ka ci riba, ranakun da za ka iya dogara da su kuma huɗu ne na rani, na damina sai yadda Allah ya yi. Huɗu dubu 160 ke nan, bai kai ba. Abin da ya cike min giɓin shi ne motar kulob da ke ɗaukar mashinan mambobi kyauta daga Gwarinpa, baƙo dubu 15 yake biya, ni da ba ni da Hilux kuma ba kullum zan riƙa roƙon abokina ba, wannan dubu 60 ce a sau huɗu, sai ya zama 220. Sannan mamba ake fara buɗe wa bukin da kwana uku, guri talatin kuma ba ya kwana. In kana da motar ɗaukar mashin ɗinka kuma ka san sau biyu za ka zo a shekara, kar ka yanki kati, biya na baƙo ka huta. In sabon shiga ne kai, fara zuwa a baƙo sau ɗaya ka ga ko jikinka zai karɓa, akwai waɗanda suka yanki kati da zumuɗi suka zo sau ɗaya ba a sake ganinsu ba. Kuma duk kulob ɗin da za ka shiga, kafin ka tura ko sisi ka tambaye su da baki, ranar biya kuke dubawa ko ranar hawa, shekarar daga ranar da na biya take farawa ko daga Janairu, kwana nawa ne alfarma, in kun soke rana me zai faru da katina, ka sa su rubuto maka amsar a WhatsApp ka ajiye.

In taurari ake bayarwa, fili da tsaro da koyarwa biyar na ba su ba tare da na yi tunani sau biyu ba, abinci da ruwa biyu, harkar kati biyu, ita ma don sun saurare ni ne.

Da sakataren ya ce in turo dubu 180 ɗin yau-yau, sai na ce masa tsaya Malam, ba kun ce ranar hawa ce abin dubawa ba? Ya ce eh. Na ce to ta gaba 14 ga Disamba ce, ni yanzu zan kama guri a dubu 45, katin kuma a fara ƙirga min shi daga safiyar 14 ga wata, don in na biya yau makonni za su tafi a banza ba hawa, kuma ta haka zai kai ni har 13 ga Disamban baɗi, na Nuwamba yana ciki da sarari. Ya yi dariya ya ce bari ya tambayi Alhaji, bayan la'asar ya turo min saƙo cewa an amince, na yi sikirinshot na tura wa ƙanina shi ma ya ajiye. Jiya da daddare na ɗaga sit ɗin mashin na manna farin salatif a ciki na rubuta 13/12/2025 da maka baƙa, kusa da inda nake ajiye takardun mashin. Wanda zai zo ranar 14 ya taho da ruwansa katan guda a kula, kuma ya duba tayarsa ta gaba tun a gida kafin Baba ya gan ta.